Kwali ko wasa? Amsoshin tambayoyinku kan tsofaffin wasannin harbi

Tambaya: Malam, na ga ana tallar wani tsohon wasan jirgin yaƙi da aka sake fitarwa iri biyu. Akwai na saukewa ta intanet, akwai kuma na masu tara kaya, mai zuwa a babban kwali da littafin zane da faifan kiɗa. Na kwalin ya ninka ɗayan kuɗi sau da yawa, kuma an ce in ya ƙare shi ke nan. Wanne zan ɗauka? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Ɗan'uwa, wasan da ke cikin kwalin shi ne dai wanda ake saukewa, ba a ƙara masa ko harsashi ɗaya ba. Kamfanoni irin Limited Run Games na Amurka, wanda aka kafa a 2015, da Strictly Limited Games na Jamus, sana'arsu ke nan: su buga kaɗan, a biya tun kafin kaya su fito, a jira watanni. Kai kuma da ke Kano za ka ɗora kuɗin aikowa da na kwastam, duk da dala. Sau da yawa kuɗin hanya kaɗai ya isa ya sayi wasan na saukewa.

Abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne wa ya yi aikin ɗauko wasan daga tsohon inji zuwa sabo. Nan ne bambancin yake. Waɗannan wasanni suna zana hoto wajen 60 a daƙiƙa ɗaya, kuma in aka samu jinkirin hoto biyar ko shida tsakanin latsawarka da motsin jirgi, za ka yi ta mutuwa kana zargin hannunka, alhali laifin mai aikin ne. Kamfanin M2 na Japan ya yi suna wajen kula da wannan. Jerinsu na ShotTriggers ya fara a 2016 da Battle Garegga, wasan kamfanin Raizing na 1996. Garegga yana da wani ɓoyayyen ma'auni: gwargwadon yadda kake harbi da kwasar makamai, gwargwadon yadda wasan ke tsananta maka, in ka mutu kuma ya ɗan sassauta. Shekaru mutane suna lissafin wannan da ka. M2 suka fito da ma'aunin a gefen allo kana kallonsa yana hawa, suka ƙara wurin atisaye da salo mai sauƙi ga sabon shiga. Irin wannan aiki shi ya cancanci kuɗinka. Akwai kuma jerin Arcade Archives na kamfanin Hamster, wanda ya fara a 2014. Ba ado, wasa ɗaya wajen dala 8, amma yana zuwa yadda yake a asali, har da teburin maki na duniya.

Batun "in ya ƙare shi ke nan" kuwa, kwalin ne ke ƙarewa. Dubi Radiant Silvergun na kamfanin Treasure. Ya fito a 1998, na gida kuma a Sega Saturn kawai, a Japan kawai, har faifansa ya kai ɗaruruwan daloli. Sai ga shi a Xbox 360 a 2011, a Switch a 2022, a Steam (kantin wasannin kwamfuta na intanet) a 2023. Tsohon faifan yana da tsada har yau don ba a buga shi domin a tara ba. Kwalin da kowane mai saye ya ajiye a leda bai buɗe ba, da wuya ya yi irin wannan daraja.

Hujja ɗaya mai ƙarfi da kaset ko faifai ke da ita: naka ne, kana iya sayarwa ko ba da aro. Kantunan intanet suna rufewa. Na Wii U da 3DS an daina saye a cikinsu a Maris 2023, na Xbox 360 a Yuli 2024. In wannan ke damunka, nemi bugun talakawa, kaset a ƙaramin gidansa. Babban kwali sai in littafin zanen ne da kansa ya tafi da hankalinka.

Tambaya: Da muna yara muna da kaset ɗin nan mai rubutu 999999 a 1, muna buga Galaxian da 1942. Ina son nuna wa yarana na asali. Da wanne zan fara? (Wani uba daga Maraɗi)

Amsa: Alhaji, abin da muka buga a wancan kaset kwafin na Famicom ne, injin gem na kamfanin Nintendo, wato an riga an rage wasan don ya shiga ƙaramin injin gida, kuma dubban wasannin nan 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Na asali a manyan akwatunan jefa tsabar kuɗi suke.

Kakan gidan shi ne Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya yi wa kamfanin Taito a 1978. Maƙiya 55 ne a sahu biyar. Saurin da suke ƙarawa in ka rage su ba da gangan aka fara shi ba: injin ne ke samun sauƙin zane in sun yi kaɗan, Nishikado ya ga abin ya yi daɗi ya bar shi. Namco suka biyo da Galaxian a 1979, mai launi, maƙiya suna barin sahu suna kawo sura. Galaga ya zo a 1981 da dabarar da har yau take burge ni: ka bari a kama jirginka da gangan, ka ceto shi, ka koma harbi da jirage biyu a jere. Daga nan Xevious ya sa ƙasa ta riƙa gudu a ƙarƙashinka, Capcom suka kawo 1942 a 1984, Konami suka kawo Gradius a 1985 inda kai ke zaɓar makamin da za ka kashe tarinka a kai, sai R-Type na Irem a 1987.

Ga yara, fara da Capcom Arcade Stadium na 2021, tarin tsofaffin wasannin Capcom. Saukar da shi kyauta ne kuma yana zuwa da 1943, wanda mutum biyu ke bugawa tare. Ana iya rage saurin wasan, ana iya mayar da shi baya in an yi kuskure. In sun kamu, ka ƙara musu Galaga. Sai dai ka sa doka: an gina wasannin nan don su ci kuɗin mai wasa, yanzu kuma jefa kuɗin latsa maɓalli ne kawai. Yaron da ke ci gaba ba iyaka zai gama cikin rabin awa ya ce ba daɗi. Ba kowa dama uku, in sun ƙare a koma farko.

Tambaya: Akwai wani akwati mai sanda biyu da ake sayarwa, an ce wasa 3000 ne a ciki. Ya fi ƙananan injinan Taito da Sega araha nesa ba kusa ba. Akwai matsala? (Mai gidan gem daga Kaduna)

Amsa: Akwai. Irinsu ba su da izinin masu wasannin, lissafin yana cike da maimaici, kuma wasannin harbi su suka fi shan wahala a ciki: a miƙe hoton tsaye ya koma faffaɗa, sauti ya karye, jinkiri ya yi yawa. Don yara su yi dambe a shago zai iya wucewa. Don harbi, a'a.

Egret II Mini na Taito, na 2022, yana da wasa 40, ciki har da Space Invaders da RayForce da Darius Gaiden, kuma allonsa ana juya shi tsaye ko kwance kamar na babban injin. Astro City Mini V na Sega, shi ma na 2022, yana da wasa 22 da zaɓi mai kyau irin su Raiden da Batsugun, amma masu gwaji da dama sun koka da jinkirinsa. Dukansu kayan tebur ne na mutum ɗaya. Ba za su jure hannun kwastomomi daga safe zuwa dare ba.

Tambaya: Ina tunanin sayo allon injin na asali daga Japan. (Wani injiniya daga Zariya)

Amsa: In kana iya riƙe ƙarfen liƙi, bismillah. Za ka buƙaci na'urar haɗa allon da talabijin ta mahaɗin JAMMA (tsarin wayoyin manyan akwatunan wasa), da tsohuwar talabijin mai ƙeya ko abin juya hoto. Kayan Japan na wuta 100 ne, tamu 230, don haka sai da taransifoma. Allunan CPS-2 na Capcom kuma suna da batir da in ya mutu wasan ke daina tashi sai an gyara. Haɗa da ƙurar hunturu da zafin bazara a kan kayan da suka haura shekara 25. In ba gyaran ne sha'awarka ba, bar shi.

Tambaya: Na sayi Mushihimesama a Steam, allo ya cika da harsasai ko tafiya ba na iya yi. Sai na sayi sandar wasa irin ta ƙwararru? (Wata ɗaliba daga Katsina)

Amsa: Ƙanwata, ajiye kuɗinki. Wannan salo ya samo tushe daga Batsugun na Toaplan a 1993. Kamfanin ya rushe a 1994, wasu ma'aikatansa suka kafa Cave, suka yi DonPachi a 1995 da DoDonPachi a 1997, sai naki a 2004. Sirrinsu shi ne ba dukan jikin abin da kike tuƙawa harsashi ke kashewa ba, wani ɗan ɗigo ne a tsakiya. Harsashi na iya goge fiffike ya wuce. Koyi motsi kaɗan-kaɗan maimakon gudu daga bango zuwa bango, domin yawancin harsasan inda kike tsaye aka auna su. Zaɓi salon sabon shiga da ke cikin wasan. Yi amfani da hannun gem mai waya, ko ma madannan kwamfutar, sun isa. In a talabijin kike bugawa, kunna saitin gem don rage jinkiri. In kuma allon kwamfutarki yana juyawa, tsayar da shi a tsaye ki juya hoton a saitin wasan, domin a haka aka zana shi, kuma za ki ga gibin da ke tsakanin harsasan ya ƙara faɗi.