Sarƙa mai siffar al'aurar mace: me ake nufi da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga ana tallar sarƙoƙin wuya masu siffar al'aurar mace a intanet, wasu mata kuma suna fita da su bainar jama'a. Me ya sa suke yin haka, kuma wane kallo ake yi musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Amfani da irin wannan alama ya daɗe tun zamanin da. A tsohuwar Masar, mata sun riƙa ɗaura jigidar zinariya mai siffar wuri (irin wanda ake amfani da shi a matsayin kuɗi a da), wanda masana ke dangantawa da haihuwa saboda kamanninsa da gaban mace. A Indiya kuwa, mabiya addinin Hindu suna girmama alamar da suke kira "yoni", mai wakiltar gaban mace, a wuraren ibadarsu.

Masu sanya irin wannan sarƙa a yau, musamman a Turai da Amurka, galibi suna cewa manufarsu ita ce kawar da ƙyamar da ake yi wa jikin mace, domin kunyar ambatonsa kan hana mata da yawa zuwa asibiti idan ciwo ya same su. Wannan damuwa gaskiya ce, kuma ina ɗaukarta da muhimmanci.

Sai dai jama'a sun rarrabu: wasu na ganin jarumtaka, da yawa kuma na ganin rashin kunya, musamman a wurin aiki ko gaban yara. A ganina, mai kallo ba ya sanin niyyar da ke zuciyar mai sarƙar, siffar kawai yake gani, shi ya sa saƙon yakan ɓace kafin ya isa.