Amsa: Wuƙar aljihu mai naɗewa tana jure aikin kullum?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko wuƙa mai naɗewa za ta daɗe a hannunka tunda kullum kana yanka igiya, buhu da kwali a shago, ko kuwa gara ka tsaya kan mai kube. Za ta daɗe sosai, in dai ta kirki ce. Yanka shi kaɗai bai cika kashe wuƙa ba. Yawancin waɗanda suka lalace, ko dai a wajen wasawa aka cinye su, ko kuma gaɓarsu ce ta saki.

Wasawa ta fi yin ɓarna. Kada ka miƙa wuƙar aljihunka ga mai wasawa da injin giranda. Ƙarfen wuƙa ana ƙona shi ne a tsoma, sannan a sake ɗumama shi a wajen digiri 200 don ya yi tauri ba tare da ya riƙa karyewa ba. Bakin wuƙa siriri ne, cikin daƙiƙa kaɗan dutsen inji zai kai shi sama da wannan zafin. Da ka ga bakin ya yi shuɗi, ya kusa digiri 300 ke nan, wurin ya yi laushi, kuma ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an goge shi duka. Ga shi kowane zuwa sai injin ya ci ƙarfe mai yawa. A hankali ruwan wuƙar zai sirance, har ta kai in ka naɗe ta tsinin ya leƙo daga cikin ƙota, ya huda aljihu ko ya tsaga maka yatsa.

Dutsen hannu ya ishe ka. Mai lamba 400 don tayar da bakin da ya dakushe, mai lamba 1000 don gamawa. Ka kwantar da ruwan kamar digiri 20 a kowane gefe, ka goga har ka ji ɗan kaushi ya taso a ɗaya gefen, ka juya, sannan ka share a kan tsohuwar fata. Kwana biyu-biyu ka riƙa gogawa a fatar kawai, za ka jima ba ka koma dutse ba. Idan tsinin ya riga ya leƙo, a wuƙaƙe masu sifirin a baya akwai ɗan tudun ƙarfe a gindin ruwan, shi ke tokare ta idan an naɗe. Sa magagari ka rage shi, ja biyu ko uku, ka gwada. In ka zarce, kaifin zai riƙa dukan sifirin yana dakushewa duk lokacin da ka rufe.

Sai gaɓa. Buɗe wuƙar, riƙe bayan ruwan, ka girgiza. Idan gefe da gefe take motsi, da sauƙi. Masu noti galibi sukundireba mai tauraro T8 ke kama su. Ka ɗaure kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, har motsin ya tsaya amma tana buɗewa. Ɗiga gam ɗin riƙe noti da ake kira Loctite, mai shuɗi, lamba 243, don kada ya sake kwancewa. Ban da jan Loctite, shi sai da wuta yake saki. Masu ƙusa kuwa, irin Okapi da Douk-Douk, ka cusa guntun reza tsakanin ruwa da ƙota, ka ɗora kan ƙusar bisa ƙarfe, ka bubbuga da ƙaramar guduma, ka zare rezar. Rezar ce ke hana ka matse ta har ta ƙi buɗuwa.

Motsin sama da ƙasa shi ne abin tsoro, domin makullin da ke riƙe ruwan a buɗe ne ya cinye, kuma ɗaure noti ba ya maganinsa. A irin wadda wani siririn ƙarfe ke fitowa daga cikin ƙota ya tokare gindin ruwa, duba inda ya zauna. A sabuwa yakan tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin ruwan. Yana cinyewa yana matsawa, ranar da ya taɓo ɗaya bangon, ya ƙare. Fizgar wuƙa da ƙarfi don ta buɗe da ƙara yana gaggauta wannan, kuma a jabun da suka cika kasuwa ƙarfen nan laushi gare shi. Masu makulli a baya, irin Buck 110 da ta fito a 1964, sun fi juriya, sai dai zaren aljihu yakan taru a ramin da ƙugiyar ke faɗawa, ta kama rabi-rabi, kai kuwa kana zaton ta kulle. Tsinken sakace ya isa ya fitar da shi.

Ƙura ma tana da nata. Wuƙaƙen zamani masu boris a gaɓa suna da daɗin buɗewa, amma hunturu ɗaya a aljihu ya isa su fara ƙaras-ƙaras. A wurin ƙura, mai wosha ta tagulla ta fi. Wanke gaɓar da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka bari ta bushe ƙarau, sannan ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Ɗaya, ba uku ba, domin rarar mai ke kama yashi. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su zama danƙo, ka nisance su.

Opinel ta Faransa ƙotarta itace ce, don haka tana bin yanayi: da damina ta kumbura ta riƙe ruwan wuƙar gam, da hunturu ta saki. In ta maƙale, buga gindin ƙotar a kan tebur, ruwan zai ɗago. Zoben kulle ta, wanda aka ƙara mata a 1955, kusan ba ya lalacewa. Ita da Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, in ka ɗauki masu baƙin ƙarfe za ka ga suna yin toka-toka bayan yanka lemo ko albasa. Wannan ba illa ba ce. Jan tsatsa ne ke cin ƙarfe, kuma gumin bazara a aljihu yana kawo shi da wuri. Goge shi da sanfefa mai laushi, ka shafa mai.

Don Allah kada ka banƙare murfin fenti da ita, kada ka kwance noti da tsininta, kada ka dake ta da guduma don faskare itace. Kuma ranar layya ka ajiye ta, ka ɗauko mai kube: jini da kitse suna shiga gaɓa su ruɓe, ga santsi a ƙota.

Ga aikin shagonka, ka sayi mai makulli a baya ko Opinel lamba 8 don igiya da buhu. Kwali kuma yana ɗauke da datti da gam masu cin kaifi, saboda haka ka ware masa irin wuƙar nan mai araha da ake canza mata reza. Kafin ka biya kuɗi, naɗe ta ka ga ko ruwan ya zauna a tsakiya bai goga bango ba, sannan ka buɗe, ka kauda yatsunka daga hanyar kaifi, ka danna bayanta da ƙarfi a gefen tebur. In ta motsa ko kaɗan, mayar wa mai ita.