Dole ne sai an tuɓe kafin a iya zanen mutum?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina shekara ta biyu a sashen zane-zane, kuma wannan zangon muka shiga tarihin zanen Turai. Kusan duk shafin da na buɗe mutum ne tsirara, har ɓoye littafin nake yi kada Umma ta gani. Abin da ya fi damuna shi ne wani mai situdiyo da nake koyon aiki a wurinsa ya ce manyan masu zanen nan duk da jikin mace a gabansu suka yi aiki, kuma hannuna ba zai taɓa faɗawa ba sai na saba da tsiraici. Ya ce in fara da ɗaukar kaina hoto in tura masa ya nuna mini ma'aunin jiki, wai fasaha ce, ba batsa ba. Na kasa barci. Haka tarihin yake da gaske? Ko in canza kwas? (Ɗaliba daga Zariya)

Amsa: 'Yata, kada ki tura masa komai. Kuma ba kwas za ki canza ba, situdiyo za ki canza. Tarihin da ya kafa miki hujja da shi ko dai bai karanta shi ba, ko ya karanta ya zaɓi ya yi miki ƙarya.

Tunda kin riga kin shiga darasin, ba sai na maimaita miki Girka da Rum ba. Abu ɗaya za ki riƙe daga can: jikin da Turawa suka gada daga Girkawa lissafi ne. Masassaƙi Polykleitos, wajen shekara ta 440 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tsara jikin namiji a kan tsawon kai bakwai, wato tsayin jikin ya ninka na kansa sau bakwai. Lysippos da ya zo bayansa ya ƙanƙanta kan, jikin ya kai takwas. Zanen fentin Girkawa kusan duk ya salwanta; abin da ya tsira mutum-mutumi ne, yawancinsu ma kwafin da Rumawa suka sassaƙa. Da Italiyawa suka koma kan jikin mutum a ƙarni na 15, waɗannan duwatsun ne malamansu na farko.

Buɗe littafin nan da kike ɓoyewa, ki nemo zanen Venus, allahiyar Rumawa, na Botticelli, na wajen 1485. Dubi tsawon wuyan, dubi yadda kafaɗar hagu ta zube kamar babu ƙashi a ciki, sannan ki dubi inda nauyinta ya faɗa. Duk macen da ta gwada wannan tsayuwar a bakin kwanson tekun nan da take tsaye a kai sai ta kife. Daga tsohon mutum-mutumi aka ɗauko tsayuwar. Matan da Michelangelo ya zana a rufin ɗakin ibadar Sistine tsakanin 1508 da 1512 kuwa, kin ga damatsansu kamar na maƙera? Takardar gwajin da ya yi wa ɗaya daga cikinsu da jan alli tana nan a wani gidan tarihi a New York, kuma bayan saurayi ne a jikinta. Namiji ya kalla, ya zana mace. Mai zanen Faransa Ingres ya gama zanen wata kwarkwara mai kishingiɗa a 1814, kuma da aka nuna ta masu sharhi suka ce ya ƙara mata gaɓa uku a ƙashin baya. Shi ne dai a 1862, yana da shekara 82, ya cika ɗakin wankan matan Turkiyya da jikuna, alhali bai taɓa taka Turkiyya ba. Daga wasiƙun wata Baturiyar Ingila da tunanin kansa ya haɗa abin. Ki lura da wannan sosai, domin yawancin matan Musulmin da za ki gani tsirara a zanen Faransa na ƙarni na 19 mafarkin mai zanen ne aka shafa wa fenti.

Ba na ce ba a taɓa tsayar da mutum mai rai ba. An tsayar, amma da tsari mai tsauri. A makarantar zane ta masarautar Faransa, wadda aka kafa a 1648, ɗalibi yakan fara da kwafar zanen wasu: ido, kunne, hannu, ƙafa. Idan ya wuce nan sai a ba shi mutum-mutumin filasta. Sai malamai sun gamsu kafin ya shiga ajin mai rai, kuma a ƙarni na 17 da na 18 maza ne kaɗai ake tsayarwa a ajin. A ta Landan, wadda aka kafa a 1768, an tsayar da mata, amma ɗalibin da bai kai shekara 20 ba ba ya shiga sai in yana da aure. Ɗalibai mata kuwa ba a bar su cikin ajin ba sai 1893, shi ma da sharaɗin mutumin ya ɗaura wani abu a ƙugu. A Amurka, a 1886, Thomas Eakins ya rasa aikinsa na koyarwa a Filadelfiya bayan ya cire wa wani namiji bante a gaban ɗalibai mata. Wannan fa babban mai zane ne, a aji, da rana tsaka.

Su kansu Turawan ba su taɓa zama lafiya da abin ba. A 1565 aka sa Daniele da Volterra ya rufe al'aurar mutanen da Michelangelo ya zana a hoton Ranar Hisabi da ke bangon ɗakin ibadar Sistine, har aka yi masa laƙabi da mai wando. Kotun cocin Sifen ta bi kadin macen da Goya ya zana tsirara a 1815, wadda dama a keɓantaccen ɗakin wani babban mai mulki aka rataye ta, don a kalla a ɓoye. A 1863 Sarki Napoleon na Uku ya sayi Venus ta Cabanel ba a yi wata hayaniya ba, amma da Manet ya fito da Olympia a 1865 sai gari ya ɗauka. Tsiraicin ɗaya ne. Bambancin shi ne ta Cabanel an laƙaba mata sunan allahiyar Rumawa, ta Manet kuwa mace ce ta birnin Faris da ake iya ganewa, tana kallon mai kallonta ido cikin ido. Saboda haka wanda ya ce miki duk zanen tsiraici batsa ne bai faɗi daidai ba, wanda ya ce babu sha'awa a ciki ko kaɗan shi ma ya yi ƙarya. Wasu don coci aka yi su, wasu don koyon ƙirar jiki, wasu kuma don ɗakin barcin masu kuɗi.

To, mu dawo kan mutuminki, domin irinsa sun cika gari. Kowa ya sayi buroshi uku ya buɗe shafi a Instagram ya zama malamin zane, kalma ɗaya kuma suka haddace: fasaha ce. Tambaye shi a ina ƙashin ƙugu yake ɓullowa a fata, ko me ya sa kafaɗa take saukowa a gefen ƙafar da ke ɗauke da nauyi, ki ga ya fara kame-kame. Kuma maganarsa ko a ma'aunin sana'ar ba ta tsaya ba. Ke ce ɗaliba. A duk tarihin da na zayyana miki, ɗalibi yana bayan allon zane ne da gawayi a hannu, wanda ake zanawa kuma ma'aikaci ne da makaranta take biya. Wane ilmi ne zai shiga hannunki don shi ya kalli jikinki?

Sannan hoton waya shi ne mafi munin abin koyon ma'auni. Gilashin kyamarar waya mai faɗi ne, idan aka ɗauka a kusa sai abin da ya fi matsowa ya kumbura, na nesa ya tsuke. Ɗauka daga sama, kai ya yi girma, ƙafafu su gajarce. Ɗauka daga ƙasa, abin ya juye. Leonardo ya ba da shawarar mai zane ya ja baya ninki uku na tsawon abin da yake zanawa, wato kusan mita biyar ga mutum a tsaye. Hannunki bai kai mita ɗaya ba. Duk malamin da ya san aikinsa ya san wannan, shi ya sa wanda ya nemi irin hoton nan da sunan ma'auni ba ma'auni yake nema ba. Kuma yadda abin yake tafiya sananne ne: yau na ma'auni, gobe a ce hasken bai yi ba a sake wani, jibi a ce in ba ki zo ba za a tura wa 'yan gidanku. Gogewa daga wayarki ba ta goge shi daga tasa, wanda ake buɗewa sau ɗaya ma ana ɗaukarsa da wata wayar. Kada ki share saƙonninsa, ki adana su, ki nuna wa wani babba a gida ko wata malama a sashenku. Da wuya a ce ke kaɗai ya gaya wa haka.

Hukuncin zana mai rai da na kallon al'aura na malaman addini ne, ki kai musu. Nawa shi ne in gaya miki abin da sana'ar take buƙata, kuma ba tsiraici ba ne, sanin abin da ke ƙarƙashin fata ne. Tun 1435 masanin zane ɗan Italiya Alberti ya tsara shi: ƙashi tukuna, sai tsoka, sai fata, sannan tufa. Wanda bai san inda gwiwa take ba, ko babbar riga ya zana sai ta fito kamar an rataye ta a ƙusa.

Ki fara da kwarangwal. Wanda ake koyarwa da shi a ɗakin kimiyya ya isa, ki zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya, har ki iya kawo akwatin haƙarƙari da ƙashin ƙugu da ka. Baligi na yau da kullum kai bakwai da rabi ne; takwas ɗin nan na littafi ƙawa ce. Rabin tsawonsa yana faɗawa ne a ƙasan mara, ba a cibiya ba, kuma nan masu koyo suka fi kuskure, shi ya sa mutanensu suke fitowa da gajerun ƙafafu. Gwiwar hannu tana daidai da ƙugu, yatsu suna kaiwa tsakiyar cinya. Wajen aunawa ki miƙe hannu sosai da fensir, ki rufe ido ɗaya, ki daidaita bakin fensir da saman kan mutumin, ki sa babban yatsa a daidai haɓa. Da zarar kin lanƙwasa gwiwar hannu ma'aunin ya canza, komai ya rushe. Idan mutum ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, ki sauke layi daga ramin wuya, dole ya faɗa a kan wannan ƙafar. Ƙugun gefen ya ɗaga, kafaɗar gefen ta sauka.

Bayan nan sai motsi. Ƙanenki da gajeren wando da singileti ya isa: zane goma na daƙiƙa 30, biyar na minti 2, ɗaya na minti 20, sannan ki bar shi ya huta, domin bayan wannan lokacin jiki yakan saki, tsayuwar ta canza ba ki sani ba. Hannunki na hagu da ƙafarki a madubi kuma suna tare da ke kullum.

Tsoka a bakin aiki kuwa, bidiyon dambe da kokawa sun cika YouTube. Ki tsayar da hoton a lokacin da ɗan dambe ya tokare da ƙafar gaba, ya miƙa hannun kariya, ya ja naɗaɗɗen hannun baya yana jiran kafa. Ki zana layin ƙashin bayansa kawai da fari, daga ƙeya zuwa ƙugu, sannan ki duba yadda allon kafaɗar hannun da ya ja ya matso kusa da layin, na ɗaya hannun kuma ya zame gaba ya bi haƙarƙari. Ki yi guda ashirin a mako, ki riƙa sa kwanan wata a ƙasan kowace takarda.