Gilisemi, jenerik da gwajin jini kafin aure: amsoshin tambayoyinku

Salamu alaikum 'yan uwa. Tambayoyi uku na ɗauko yau, dukansu mutum ne riƙe da takardar likita cike da faransanci, yana shirin fidda kuɗi bai gane abinda aka rubuta ba.

Wani bawan Allah daga unguwar Birni a nan Damagaram ya rubuto: "Mahaifiyata na da ciwon sukari, takardar labo ta ce Glycémie à jeun 1,40 g/L. Ƙanena ya kawo mana na'urar awo daga Kano, muka auna da safe ta nuna 7,8, sai muka aro ta maƙwabci ita kuma ta nuna 140. Wacce ce ta lalace, in sayi wata?"

Ɗan uwa kada ka sayi komai tukuna, babu wadda ta lalace cikinsu. Lamba ɗaya ce suke faɗa maka kowa da irin ƙidayarsa, kamar kaje kasuwar Dole wani ya ce maka jika ɗaya wani ya ce dala ɗari biyu, ai kuɗin dai ɗaya ne. Labo ɗinmu na nan da g/L suke rubutawa, wato giram nawa cikin lita ɗaya ta jini, na'urar maƙwabcinka da mg/dL take ƙidaya shi yasa 1,40 ya koma 140, ta Kano kuma mmol/L ce, ita sai ka ninka abinda ta nuna sau 18, toh 7,8 sau 18 ai 140 ne. Duba gefen lambar da kyau zaka ga ƙaramin rubutun.

Shi gilisemi ba komai bane illa yawan sukarin da ake kira gulukos a cikin jini, à jeun kuma yana nufin kafin a karya, a ƙalla awa 8 ba a sa komai a baki ba sai ruwa, dan haka in Hajiya ta kurɓi shayi ko koko bayan asuba awon ya tashi daga à jeun. Mai lafiya yana tsakanin 0,70 da 1,10 g/L, in an samu 1,26 ko sama har sau biyu shine likita ke cewa ciwon sukari ne. Abinda nafi so ka riƙe ma shine na ƙasa, dan mutane hawa kawai suke tsoro. In ya sauka ƙasa da 0,70, wato 70 a na'urar maƙwabci ko wajen 3,9 a taku, ana kiranshi hypoglycémie, zaka ga tsohuwa na karkarwa, zufa na keto mata, tana magana a ruɗe, wannan yafi samun masu allurar insulin ko shan ƙwayar ciwon sukari gilibenkilamid in basu ci abinci ba. In tana cikin hayyacinta a jiƙa mata sukari a ruwa ta sha nan take, in kuwa ta suma kada a ɗura mata komai, a ruga asibiti.

Inda kuɗinka zasu tafi kuwa ba na'urar bace, 'yan tsinken awon ne da ake cewa bandelet, kowace na'ura da nata kuma basa shiga na juna. Ɗauki kwalin ka zaga farmasi biyu uku nan cikin gari, in ana samun irinsu ka riƙe na'urarka, in sai an aika Kano duk sanda suka ƙare toh nan ne zan ce ka canza, kuma ka fara tambayar bandelet ɗin kafin na'urar. Yawancinsu an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30, kai kuwa ka san Damagaram a watan Afrilu da Mayu, dan haka kada a ajiye su kan taga ko cikin mota, a rufe murfin da zaran an ɗauki ɗaya. A wanke hannu da sabulu a bari ya bushe, hannun da ya taɓa dabino ko mangwaro yana iya ɗaga lambar a banza. In likita ya rubuto HbA1c kada ka ga kamar maimai ne, shi yana nuna yadda sukarin ya zauna cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, abinda na'urar gida bata iyawa.

Wata 'yar uwa daga Magariya ta ce: "An rubuta min Doliprane a ordonans, a ƙaramin asibitinmu na CSI suka bani wani mai araha an rubuta Paracétamol 500. Maigida yace na talakawa ne baya aiki, in je farmasi in sayi na asali?"

Yaya ki sha abinki. Doliprane da Efferalgan da Panadol sunayen kasuwa ne da kamfani ya laƙaba, sinadarin dake ciki sunansa parasetamol, wannan sunan ne ake kira DCI kuma shine ake rubutawa ƙanana a ƙarƙashin babban suna. Jenerik shine maganin da aka sayar da sunan sinadarin kai tsaye, ƙarfinsa ɗaya in dai lambar mg ɗin ɗaya ce. Haka Clamoxyl amokisilin ne, Coartem kuma artemeter da lumefantirin. Kullum ki tambayi mai farmasi ko akwai jenerik ɗinsa, haƙƙinki ne kuma ba abin kunya bane.

Rashin sanin DCI yana cutarwa ba a aljihu kaɗai ba. Mutum zai sha Doliprane dan ciwon kai, ya ƙara Fervex dan mura, ya jefa Efferalgan a ruwa da dare yana ganin magani uku ya sha, alhali parasetamol ya tara sau uku, hanta ce kuma ke ɗaukar wahalar. Babba baya wuce giram 1 a sha ɗaya ko giram 4 a yini, mai ciwon hanta ko ramamme ƙasa da haka, yaro kuma da nauyinsa ake lissafi, mg 15 a kowane kilo duk awa 6. Abinda zan hanaki shine na tire da ake yawo dashi cikin rana, wannan ko wane suna aka buga a kwalin babu mai baki tabbacin abinda ke ciki.

Na ƙarshe wani saurayi ne daga Zango: "Ina shirin aure, ni O+ ita A+, abokaina sunce ba matsala. A labo ance akwai test d'Emmel mai sauƙin kuɗi akwai électrophorèse mai tsada, wanne zamu yi?"

Ƙanena Allah ya sanya alheri, amma abokanka sun haɗa abu biyu da basu da alaƙa. O+ da A+ rukunin jini ne, amfaninsa wajen ƙarin jini da lokacin ciki, baya faɗa maka komai kan emasi, ciwon da 'yan Najeriya ke cewa sikila. Emasi yana cikin hemogulobin ne, abinda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa ko'ina a jiki. Na yau da kullum shine A, mai matsalar S, wanda ke sa ƙwayar ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi, ga ciwon ƙashi mai sa yaro ihu, ga ƙarancin jini dan ƙwayar da ya kamata tayi kwana 120 bata wuce 10 zuwa 20.

Ku biya na elektiroforez ɗin ku biyun, wallahi ko bashi ne ya cancanta. Gwajin Emel yana cewa ne akwai S ko babu, baya raba AS da SS, kuma sam baya ganin wani nau'in da ake kira C wanda akwai shi sosai a Afirka ta Yamma, sai kaga an baka négatif ka tafi kana murna alhali kai AC ne, in ita AS ce kuna iya haifar SC, shima ciwo ne. Elektiroforez kuwa harafi biyu zai rubuto maka ƙarara, AA, AS, AC, SS ko SC. In ɗayanku AA ne ba zaku haifi mai emasi ba. In AS da AS ne, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na SS, kowane ciki nace, dan haka ana iya samun uku a jere, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Mai AS shi kansa lafiyarsa ƙalau, shi yasa gida da yawa basu sani ba sai yaro ya fara kumburin hannu da ƙafa tun kafin a yaye shi.

Kuyi gwajin tun manya basu shiga maganar ba, kafin a kai kuɗin gaisuwa balle sa rana, dan in an kai nan janyewa nada wuya ƙwarai. In akwai wanda aka ƙara ma jini cikinku ya jira wata 3 tukuna, jinin da aka sa mishi zai iya rikita sakamakon. Kuma kowa ya ga takardar ɗan uwansa da idonsa, da suna da tambarin labo a jiki.