Kwalliyar gida don Sallah da Ista: me za a saya, me za a haɗa da hannu?

A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah da bikin Ista suna faɗowa kusa da juna, cikin Maris ko Afrilu. A yawancin coci-coci Ista ba ta fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, ita kuwa Sallah tana ja da baya da kamar kwana 11 kowace shekara, har ta iso wannan lokaci. Shi ya sa wasiƙun wannan makon suka zo daga gidaje daban-daban amma damuwarsu ɗaya: yara na son kwalliya, aljihu kuma ya sha wuya.

Anti, barka da aiki. Yarana uku sun tasa ni gaba sai na ƙawata falo irin yadda suke gani a waya, da jinjirin wata da taurari da tutoci. Wata mai sayarwa a Instagram tana da fakiti guda mai komai a ciki har da balan-balan, amma kuɗinsa ya kusa na ɗinkin yaro ɗaya. In saya ko in haɗa da kaina? Ban taɓa yi ba. (Uwar yara, Kano)

'Yar uwa, riƙe kuɗinki. Ki sake duba hoton fakitin nan da kyau: yawancin abin da ya cika shi balan-balan ne da takarda mai ƙyalli marar kauri. Waɗannan kaya an yi su ne don ɗaki mai sanyi. A Kano cikin Afrilu zafi yakan kai digiri 40, iskar cikin balan-balan ta kumbura, robar ta yi laushi. Kin hura da daren jajibere, kafin a dawo daga kallon Hawan Daushe rabi sun fashe, sauran sun yamutse. Ga kuma guntayen robar da mai rarrafe zai tsinta ya kai baki.

Je ki wurin telanki. A goman ƙarshe na azumi ƙasan shagonsa cike yake da ƙyallayen atamfa da shadda waɗanda shara za su tafi. Ki roƙe shi ya tara miki a leda. Kada dai ki ce ya ɗinka miki komai, don a kwanakin nan ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

In kin kawo, zaɓi launi biyu ko uku kawai waɗanda suka dace da labulenki. Nan ne masu farawa suke ɓata aiki: sai a zuba kowane launi da aka samu, falo ya rikice. Ki fitar da yanki mai kusurwa uku daga kwalin taliya ko na madara, faɗinsa santimita 15, tsawonsa 20, wato kamar taƙi guda. Shi ne ma'auninki, da shi za ki zana a kan kowane ƙyalle. Kafin ki yanka, ki jiƙa ƙyallayen da sitaci ki goge su. Wannan ne ke hana baki zarewa, kuma tutar ta tsaya cak maimakon ta langaɓe. Leshi ba ya yin wannan aiki, ki bar shi. Sai ki naɗe saman kowace tuta a jikin igiya, ki kama da zare da allura ko da farin gam, kina barin tazarar yatsu uku tsakaninsu. Igiya mai mita 5 za ta ci tuta 25.

Jinjirin wata kuwa faranti biyu ne sirrinsa. Kifa babba a kan kwali ki zagaye da biro, ki ɗora ƙarami a ciki ki tura shi gefe ɗaya har ya taɓa layin, ki sake zagayewa. Abin da ya rage tsakanin layukan biyu shi ne watanki. Ki lulluɓe shi da takardar naɗe kyauta mai ruwan gwal. Taurarin ki bar wa yara, ko sun karkace ba laifi, nasu ne.

Abin da za ki saya ke nan: almakashi mai kaifi wanda ba za a riƙa yanka kaza da shi ba, igiya, farin gam ƙarami, da takardar naɗi guda biyu. In akwai canji, ki biya Kasuwar Kurmi ki ɗauki faya-fayai masu launi uku ko biyar ki jera a bango. Iyayenmu da jeren faifai da kwano suka ƙawata ɗakunansu, kuma har yau ban ga kayan roba da ya fi shi kyau ba.

In gidan haya kike, kada ki manna salatif a bango, yana ɗaye fenti. Ɗaure igiyar a ƙarfen labule. Bayan Sallah ki ninke tutocin ki sa a leda saboda ƙura. Babbar Sallah kamar kwana 70 ne kacal a gaba.

Ina koyar da yara a makarantar Lahadi, sun kai 30. Ina so mu yi ƙwai masu launi don Ista, amma na zagaya kasuwar Terminus ban samu irin fakitin rinin da ake nunawa a intanet ba. Kalar da ake sa wa kek za ta yi? Kuma za a iya cin ƙwan daga baya? (Malama, Jos)

Za ta yi sarai, Malama. Fakitin da kike nema ma kalar abinci ce aka matse ta ta zama ƙwaya. Ki zuba rabin kofin ruwan zafi, ƙaramin cokali ɗaya na ruwan khal, da ɗigo 10 zuwa 20 na kalar, ki tsoma dafaffen ƙwai minti 5. Kada ki tsallake khal ɗin. Tsaminsa ne ke ɗan cin fuskar ɓawon har launi ya kama, in babu shi sai ki ga kalar ta zame ta bar dabbare-dabbare.

Matsalarki ta gaskiya ita ce launin ƙwan. Hotunan da kike gani da farin ƙwai aka yi su, namu na gidan gona kuwa yawanci ruwan ƙasa ne. A kansa rawaya ba ta fitowa, shuɗi da kore sukan yi duhu. Ja ne ke karɓarsa. Shi ya sa na fi son ɓawon albasa, wanda ko sisi ba za ki kashe ba: mai albasa zai ba ki cikin leda kyauta. Ki tafasa busasshen ɓawon da ruwa da ɗan khal, ki dafa ƙwan a ciki kamar minti 15, ki bar shi ya huce a ruwan. Zai fito ja mai duhu, in kin shafa masa ɗigon man gyaɗa sai ƙyalli. Wannan tsohuwar dabara ce a ƙasashen Kiristocin Otodoks irin su Girka, inda jan ƙwai yake alamar bikin. In kina son ado, ɗora ɗan reshen ganyen zogale a jikin ɗanyen ƙwan, ki ɗaure shi tam a cikin tsohuwar safa marar kauri kafin ki dafa. In kin kwance, hoton ganyen zai fito fes. Yara suna mutuwar son wannan.

Zoɓo kuma zai ba ki mamaki. Kowa na zaton ja zai bayar, amma a jikin ɓawo toka-toka mai duhu yake komawa. Kurkur yana ba da rawaya, sai dai in kin samu farin ƙwai irin na agwagwa.

Batun ci: ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi, kuma yakan tsage wurin dahuwa. Don haka rinin tufafi, fentin gida da baƙin lalle na kanti duk kada su kusanci ƙwan da za a ci. Dafaffen ƙwai kuma bai kamata ya wuce awa 2 a waje da firji ba, in zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya ce. Jos ta fi wurare da yawa sanyi, amma ƙwan da aka jera a teburi tun safe har aka tashi daga sujada ba na ba yara ba ne.

Shawarata ki raba aikin biyu. Na ci, ki rina da safiyar ranar, a raba a cinye nan take. Na ado, ki fara tara ɓawo tun makonni kafin bikin: duk lokacin da za ki soya ƙwai, huda shi sama da ƙasa da allura, ki fasa gwaiduwar da tsinke, ki tura iska da sirinji har abin ciki ya fito. Ban yarda a sa baki a hura ba, ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cuta. Ki wanke ki shanya. Waɗannan ko wane fenti a sa musu. Ƙananan yara kuwa, masu shekara 4 ko 5, yanka musu siffar ƙwai a kwali su yi ta shafa. Ɓawo a hannunsu ba ya kai minti ɗaya.

'Yata mai shekara 9 ta dame ni in saya mata bindigar gam, wai da ita ake yin komai a bidiyo. Ta cancanci kuɗinta? (Mahaifi, Zariya)

Malam, ba yanzu ba. Mai zafin cikinsu tana kai kimanin digiri 190, mai sauƙin ma tana kai 120, kuma narkakken gam in ya ɗiga a yatsa mannewa yake yana ci gaba da ƙuna. Sannan sai da wuta take aiki. In an ɗauke, abin da yara ke yi shi ne su kara sandar gam ɗin a kyandir, ga takardu zube a gabansu.

Saya mata farin gam irin na kafintoci, kamar Top Bond. Yana kama takarda, kwali, ƙyalle da kara, yana fita da ruwa kafin ya bushe. Aibinsa ɗaya, yana son haƙuri: a danne da abin shanya kaya a ba shi kamar rabin awa. In aikin mai yawa ne, kamar lulluɓe kwali da jarida, a dama fulawa kashi ɗaya da ruwa kashi biyar a wuta har ya yi kaurin koko, a sa ɗan gishiri. Amma wannan na abin da za a yar ne bayan biki, don kyankyasai da ɓeraye suna bin sa. Sufa gulu kuwa ko kusa.

In ta kai shekara guda tana aikin hannu ba ta gaji ba, sai a saya mai sauƙin zafi, ta riƙa amfani da ita a gaban babba.

Anti, ban daɗe da zuwa Ingila ba. Makarantar ɗana ta aiko takarda wai kowane yaro ya zo da hular da aka yi wa ado kafin hutun Ista. Na shiga Hobbycraft, shagon kayan aikin hannu, na ga kaya iri-iri har kaina ya juye. Me zan ɗauka? (Ƙanwarki, Manchester)

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Al'ada ce ta makarantun firamare a can: yara su sa hulunan su zagaya, iyaye su tafa. Lokacin furanni ne a wurinsu bayan sanyi, shi ya sa adon bai wuce fure, 'yan tsaki da zomo ba. In akwai abin da ranki bai kwanta da shi ba, yi ta furanni zalla, ba wanda zai tambaye ki dalili.

Ki ɗauki malafa marar ado guda ɗaya, a Poundland ko shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji sun fi araha. Ko ma ki naɗe kwalin hatsin karin kumallo daidai kansa ya zama kambi. Furannin ki yi su da kwalin ƙwai: yanko kowane gurbi, ki tsaga bakinsa gida shida, ki shafa rawaya, ya zama irin furen nan na dafodil da kike gani a bakin hanya cikin Maris. Ki zagaye hular da guntun atamfarki. Abu biyu kada ki manta: roba ta ƙarƙashin haɓa saboda iska, kuma ki bar yaron ya yi yawancin aikin. Malamai suna gane hular da uwa ta kwana tana yi. In kina son kayan baɗi, jira bayan Litinin ɗin Ista, lokacin ne shaguna ke karya farashi.

Fitilun ado masu igiya: na soket ko na batir? (Amarya, Maraɗi)

Na batir ko masu shiga fawa bank, amarya, kuma su zama LED. Masu arha na soket wayarsu siririya ce, wuta in ta dawo da ƙarfi su ne farkon ƙonewa, ga su a jikin labule. Sa mai shago ya kunna miki a gabanki, ki bar su 'yan mintuna ki taɓa, in sun yi zafi ki ajiye masa kayansa. Zaɓi masu cin batir AA. Masu ƙaramin batir mai kama da maɓalli haɗari ne babba in yaro ya haɗiye, kuma Sallah ba ta rasa 'ya'yan baƙi. In za ki yi fitilar takarda mai siffar fitilun azumi na Masar, waɗannan za ki cusa a ciki, ban da kyandir. Bayan biki ki cire batiran kafin ki adana, don in suka daɗe a ciki ruwa suke fitarwa su cinye ƙarfen.