Tambaya da Amsa: Shin Rasit ɗin Kuɗin Makaranta na Rage Haraji?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan an tashi lafiya. Ni ma'aikaci ne a nan Gusau, albashina wajen dubu 200 a wata kuma duk wata sai an yanke min haraji tun kuɗin ba su shigo akawun ba. Ɗiya huɗu gare ni, uku suna firamare ta kuɗi, babban kuma bana ya samu shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wallahi duk farkon zango sai na ci bashi. To ƙanin matata da ke zaune Amurka ya ce min su can idan ka biya kuɗin karatu gwamnati na maido maka wani abu daga harajinka, ya ce in tara rasit in kai ofishin haraji. Na tara su cikin leda tun bara. Don Allah mu ma muna da wannan ko kuwa? Daga Baban Hafsat, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Baban Hafsat, Allah ya raya zuri'a. Surukinka bai yi ƙarya ba, amma dokar ƙasarsu ya faɗa maka. A Amurka akwai rangwamen da suke kira American Opportunity Tax Credit, wanda ke kaiwa dala 2,500 a shekara kan kowane ɗalibi a shekaru huɗun farko na karatun gaba da sakandare, kuma daga cikin harajin kansa ake cire shi. Mu a Najeriya babu wannan. Ko ka kai ledar nan ofishin hukumar haraji ta jihar Zamfara, wadda ita ke karɓar harajin albashinka ko da tarayya kake wa aiki tunda a jihar kake zaune, iyaka su duba su miƙo maka kayanka.

A da can dokar harajin albashi ta ɗan tuna da yara, naira 2,500 kan kowane yaro har yara huɗu, kuɗin da yau ko takalmin makaranta ba za su saya ba. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ita ma ba ta sa kuɗin makaranta a jerin abin da ake cirewa ba. Ni dai a ganina an yi sake a nan, domin a jihar da iyaye da yawa suka kwaso iyali daga ƙauyuka suka dawo gari saboda rashin tsaro, kuma mutum ɗaya na ɗauke da karatun 'ya'yansa da na ƙannensa da na marayun yayansa, ai ya kamata doka ta san da wannan nauyin.

Abin da dokar ta yarda a cire kafin a lissafa maka haraji shi ne kuɗin fansho, da na asusun gidaje na NHF, da inshorar lafiya, da inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da kake ciki, sai kuma sabon abu wato rangwamen haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar da ka biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Sannan naira 800,000 na farko babu haraji a kansu ko sisi, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 ne.

Bari mu buga lissafi da albashinka. A shekara miliyan 2.4 ke nan, mu ƙaddara fansho da sauransu sun ci 200,000, saura miliyan 2.2, a cire 800,000 ɗin nan, a ɗauki kashi 15 na ragowar, harajinka 210,000. Idan kana biyan hayar 300,000 kuma ka nuna shaida, za a ƙara cire 60,000, harajin ya koma 201,000. Dubu tara ka tsira da ita a shekara, na san ba ta kai kuɗin zango ɗaya na yaro ɗaya ba, amma haƙƙinka ce. Matsalar kawai yawancin masu gidaje a wajenmu hannu da hannu ake ba su kuɗi a zaure a yi addu'a a tashi, babu takarda, to bana ka roƙi mai gidanka rasit mai ɗauke da sunansa da adireshin gidan, ko ka tura ta banki, ka kai wa akantan wurin aikinku. In kuma gidan gado kake zaune to wannan bai shafe ka ba.

Inda za ka fi samun sauƙi shi ne wajen babban yaron. Tunda jami'ar gwamnati yake, ya nemi bashin karatu na asusun gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka buɗe a watan Mayu 2024, babu ruwa a cikinsa, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ga kuma 20,000 duk wata na kashewa in ya nema, biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 na abin da yake samu. Da kansa zai cike a intanet da lambar NIN da BVN da ta JAMB, kar ya ba wani ɗan kafe ko sisi da sunan zai sa a amince masa da wuri. Haka kai ma, duk wanda ya ce ka kawo rasit da wani abu zai fitar maka da kuɗin haraji, ɗan damfara ne.

TAMBAYA: Malam makarantar yarana ta ƙara kuɗi, da na yi magana sai suka ce wai VAT ne, harajin nan da ake ɗorawa kan saye da sayarwa. Haka ne? Daga Maman Sadiq, Argungu.

AMSA: Hajiya ba a ɗora VAT kan kuɗin karatun nazare da firamare da sakandare, haka ma littattafan karatu. Suna iya ƙara kuɗi saboda man janareta ko albashin malamai, wannan tsakaninku ne a taron iyaye da malamai, amma in sun nace VAT ne ki ce su rubuta miki shi ƙarara a jikin rasit tare da lambar harajinsu.