Amsata ga masu cewa tsoron Arteta ne ya hana mu kofi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Na saurari muryoyin da aka turo tun daren jiya ɗaya bayan ɗaya, kuma ina so in mayar da amsa musamman ga yayanmu da ya buɗe zancen, wanda ya ce Mikel Arteta matsoracin koci ne, tsoronsa ne ya sa Arsenal ta ƙare a matsayi na biyu sau uku a jere a gasar Firimiya daga 2023 zuwa 2025, don haka lokaci ya yi da za a sallame shi. Yaya, ka girme ni, kuma ka riga ni fara goyon bayan wannan ƙungiya, saboda haka ina magana ne da girmamawa. Na yarda da kai cewa Arteta yana da laifi, kuma laifin ba ƙarami ba ne, sai dai inda ka aza shi ba nan yake ba.

Babbar hujjarka ita ce wasan da muka yi da Manchester City a filin Etihad ranar 31 ga Maris, 2024, wanda aka tashi babu ci. Ka ce mun je mun tsare gida kamar ƙaramar ƙungiya, kuma da mun ci wasan da mu ne zakaru. Ta fuskar lissafi gaskiyarka ce, domin City ta gama da maki 91 mu kuma da 89, ka ga da mun yi nasara a ranar da mun samu 91 su kuma 90. Amma ina roƙonka ka tuna da halin da muke zuwa wannan fili kafin ranar. A watan Agustan 2021 an zura mana ƙwallo biyar ba mu farke ko ɗaya ba. A watan Afrilun 2023 an ci mu 4 da 1, kuma duk wanda ya kalli wasan ya san De Bruyne da Haaland sun yi abin da suka ga dama da mu. Kafin Martinelli ya ci su a filinmu na Emirates a watan Oktoban 2023, City ta doke mu sau 12 a jere a Firimiya. Kocin da ya ɗauki 'yan wasansa ya je gidan irin wannan abokiyar hamayya, ya hana Haaland sakat na tsawon minti 90, ya dawo da maki ɗaya, ni a wurina ya yi aikinsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa salonsa ya sauya, wanda mutane da yawa suka manta. A kakar 2022/23 Arsenal ta yi irin ƙwallon da kake marmari, ta kai hari ba ƙaƙƙautawa, ta zura ƙwallo 88, ta kuma zauna a saman teburi kwana 248. To me ya faru? Saliba ya ji rauni a wasan Sporting a watan Maris, sai bayanmu ya buɗe. Muka shiga gaban Liverpool da ci biyu a Anfield aka farke, mako guda bayan haka muka shiga gaban West Ham da ci biyu aka sake farkewa, sannan Southampton da ke ƙarshen teburi ta zo gidanmu muka tashi uku da uku. A cikin ƙasa da mako biyu muka zubar da maki shida, daga nan City ta ƙarasa mu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma Arteta ya ɗauki darasi daga wannan wata na Afrilu. Ya sayo Declan Rice daga West Ham, ya kawo David Raya ya ajiye Ramsdale a benci duk da surutun da aka yi ta yi masa, ya cika bayansa da dogaye masu ƙarfi. Ƙwallayen da aka zura mana suka sauko daga 43 zuwa 29 a kaka guda, waɗanda muka ci kuma suka ƙaru zuwa 91. Ban san yadda za a kira ƙungiyar da ta ci ƙwallo 91 matsoraciya ba, balle wadda daga baya ta lallasa City da ci 5 da 1 a watan Fabrairun 2025, ta kuma doke Real Madrid gida da waje.

In ana neman inda kofin 2024 ya kuɓuce mana, ni zan nuna ranar 28 ga Disamba, 2023. A ranar West Ham ta zo Emirates ta ci mu biyu da nema, alhali mun buga ƙwallo wajen raga har sau 30. Har yanzu ina ganin wasan a idona. Ødegaard zai karɓi ƙwallo ta dama ya ba Saka, mutum biyu su tare Saka, ya mayar wa Ben White, White ya jefa ta cikin da'ira, sai ka ga masu tsaron bayan West Ham sun yi tsalle sun fitar da ita da ka, babu wani namu da ya tsaya a tsakaninsu ya ture su. A sake ɗauko ta a zagayo, a sake jefawa, a sake fitarwa. A wannan dare babu tsoro ko kaɗan, gaba ɗayanmu muna cikin gidansu, abin da babu shi ne wanda zai saka ƙwallon a raga. Kwana uku bayan haka Fulham ta ci mu 2 da 1. Daga nan har ƙarshen kaka wasa 18 muka buga a Firimiya, muka ci 16, muka yi canjaras ɗaya da City, Aston Villa ta doke mu sau ɗaya a gidanmu a watan Afrilu. Ko a wasan Villa ɗin ma, mun samu damarmaki kafin hutun rabin lokaci muka ɓarar da su, sai can ƙarshen wasa Bailey da Watkins suka hukunta mu.

Wannan shi ne laifin da nake kama Arteta da shi, kuma a kansa ba na yi masa uzuri. Duk mai ido ya ga cewa muna buƙatar cikakken lamba tara, wato ɗan wasan gaba mai cin ƙwallo, tun daga wancan Disamba, amma da aka buɗe kasuwar musayar 'yan wasa a tsakiyar 2024, sai aka sayo Calafiori mai tsaron baya da Merino ɗan wasan tsakiya, aka sayar da Nketiah, aka karɓo aron Sterling daga Chelsea a ranar da za a rufe kasuwa, shi kuma ya gama kaka bai ci ko ƙwallo ɗaya a Firimiya ba. Saka ya ji rauni a Disamba, Gabriel Jesus ya bi shi a Janairu da ciwon gwiwa mai tsanani, kasuwa tana buɗe, aka bari ta rufe ba a kawo kowa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka Havertz ma ya tafi jinya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da muka yi ke nan, har ta kai Merino ne yake ja mana gaba. Allah ya saka masa, ya ci Leicester biyu ranar da aka fara gwada shi a wurin, ya kuma ci Real Madrid, sai dai ƙungiyar da ke neman kofi ba za ta dogara da irin wannan dabarar dole ba. A ƙarshen kaka mun ci ƙwallo 69 kacal, mun yi canjaras 14, kuma wanda ya fi kowa ci mana a Firimiya shi ne Havertz da ƙwallo 9, alhali Salah shi kaɗai ya ci wa Liverpool 29.

Na ji wani ɗan'uwa ya ce sayen 'yan wasa aikin mahukuntan ƙungiya ne, ba na koci ba. Ban yarda da wannan kariyar ba. Tun watan Satumban 2020 aka ɗaga matsayin Arteta daga mai horarwa kawai zuwa manaja, ma'ana yana da ta cewa a kan wanda zai shigo da wanda zai fita. Shi ne ya ajiye Özil, shi ne ya karɓe kyaftin daga hannun Aubameyang a Disamban 2021 har ya tafi Barcelona, kuma duk mun yaba masa da ƙarfin hali a lokacin ko daga baya. Wanda aka yaba wa don ya iya fitar da manyan 'yan wasa, dole ya amsa tambaya idan bai kawo wanda ake buƙata ba. Tafiyar Edu, daraktan wasanni na ƙungiyar, a watan Nuwamban 2024 ta kawo tangarɗa, na sani, amma matsalar ta girmi tafiyarsa.

Ƙaninmu da ya ce mun zama ƙungiyar bugun kwana, kuma hakan abin kunya ne, ina ganin ka yi wa aikin mutane rashin adalci. Tun da Nicolas Jover, kocin da ke tsara mana bugun kwana, ya zo daga City a 2021 ake tsara wannan abu da gangan. Ka lura da yadda 'yan wasanmu suke taruwa can bayan turke na nesa, sai Rice ko Saka ya ɗaga hannu, su rugo gaba ɗaya, wani ya tsare gola, Gabriel ya taso daga baya ya sa kai. Ƙwallon da aka ci da kwana da wadda aka ci bayan an yanka mutum biyar duk ɗaya ake rubuta su. Damuwata ita ce ranar da kwanar ba ta ci ba, kuma aka rufe ɓangaren Saka, sau da yawa ba mu da wata hanya ta uku, kuma Arteta yakan jinkirta canji har sai lokaci ya ƙure. A nan kam ina tare da masu suka.

Ko wasanmu da PSG a zagayen kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai a 2025 labarin ɗaya ne. A Paris mun fito da zafi tun daga minti na farko, golansu Donnarumma ya kaɗe ta Martinelli, ya kaɗe ta Ødegaard, sai ga Fabián Ruiz ya samu tasa guda ya zura. Can kusa da tashi Saka ya samu raga a buɗe ya ɗaga ta sama. Wannan ƙungiya da muka matsa wa haka ita ce ta je wasan ƙarshe ta ci Inter Milan biyar da nema. Babu wanda zai kalli wancan wasa da zuciya ɗaya ya ce tsoro ne ya fitar da mu.

Saboda haka, Yaya, ban goyi bayan a sallame shi ba. Ya karɓi ƙungiyar nan a Disamban 2019, ta ƙare ta takwas sau biyu a jere, a 2025 kuma muna fushi don mun zo na biyu, kuma shi ne ya kai mu ga wannan fushin. Amma na yarda kofin FA guda ɗaya na 2020 ya yi kaɗan a cikin shekara biyar da rabi zuwa tsakiyar 2025, ga kuma maƙudan kuɗin da aka kashe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da nake jira in gani a tsakiyar 2025 ɗin nan shi ne ko shi da Andrea Berta, daraktan wasanni da ya gaji Edu, za su kawo lamba tara na gaske kafin a fara kakar 2025/26, da kuma wani mai gudu ta ɓangaren hagu da zai rage wa Saka nauyi. Idan aka sake rufe kasuwa ba a yi haka ba, ko aka kawo su amma muka ci gaba da jefa ƙwallo cikin da'ira ana fitar da ita kamar daren West Ham, to ni da kaina zan turo murya a wannan zaure in ce ka fi ni gaskiya.